Kaskon Turare a Ɗakin Umaima

Limancin Kona, Birnin Zariya.

Zuwa ga ɗana Isma'ila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya a Fatakwal, Allah ya tsare ka, ya sa albarka a nemanka. Mu nan ƙalau, sai ciwon gwiwar da ka sani. Ƙanenka Suhaib ya gama bautar ƙasa, yana zaune a zaure, takardarsa tana zaune a akwati.

Injin iskar numfashin da ka aiko wa 'yarka Umaima yana aiki. Likitan zuciya ya sallamo ta da sharaɗin robar ta zauna a hancinta, kuma kada wuta ko hayaƙi su kusanci ɗakin. Leɓɓanta sun daina yin shuɗi. In an ɗauke wuta, sai mu juya ta kan tukunyar iska.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa daga Kusfa da Ƙofar Jatau. Mahaifiyarka ta ce abin kunya ne baƙi su ji warin magani a gidanta, ta kai kasko da garwashi da turaren wuta, ta ajiye dab da tukunyar. Gwaggonka Adama ta barbaɗa habbatussauda, wai hayaƙin yana buɗe ƙirji. Matarka Su'ad ta san an hana, amma ba ta iya buɗe baki gaban suruka. Na dawo daga sallar la'asar na tarar yarinyar tana tari har ta kasa kuka. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ce Allah ne ya kiyaye gobara, kuma in aka sake, ba ta ce huhun zai jure ba.

Na yi bayani. Mahaifiyarka ta ce da hayaƙin nan aka raine ka, ga ka nan da ranka. Ban ja ba; tun da na bar koyarwa maganata ta daina nauyi a gidan nan, balle a gari. Amma akwai ɗaki ɗaya da na hana shiga da wuta tun kafin a haife ka, kuma dokar ta zama jiki: ɗakin littattafaina. Na zuba su a buhuna, na jibge a ƙarƙashin rumfa, na sa aka wanke ƙurar, aka shigar da gadon Umaima da na uwarta. Ba wadda ta tsallaka bakin ƙofar da kasko.

Suhaib ya ce damina za ta cinye littattafan. Ta cinye. Duk shekarun da na yi ina tara su, ban ga ranar da suka yi mini ba sai da suka ba da wuri.

Ka gaida kawunka Ɗahiru da matarsa Maryam. Umaima ta ce ka aiko da biskit.

Mahaifinka,
Malam Sharfaddeen