Hannun da Ban Ɗaga Ba

Litinin, 4 ga Afrilu, 2011
Gwaji a garejin Gualtiero, mawaƙinmu. Ottavio ya ɗauki ƙahonsa zai buɗe mana “Kar Ku Rufe Ƙofa”, numfashi ya yanke masa a tsakiya. Ya yi ta tari har ya dafa gangata. Wai sanyi ne. Sanyin uban wa, a Afrilu?

Alhamis, 7 ga Afrilu
Matar Ottavio ta kira ni. Likita ya ce ƙurar masana'anta ce ta cinye masa huhu, kuma ba ta fita. Na ajiye waya, na zagi bango.

Talata, 12 ga Afrilu
An sake tayar da maganar rufe masana'antar. Ƙungiyar ma'aikata na so mu yi wasa a bakin ƙofa ranar ɗaya ga Mayu, a bayan babbar mota, kamar yadda muka fara a yajin aikin 1989. A lokacin mu shida ne, ba mai iya kiɗan ska ko na sisi, sai hayaniya da zafin kai. Ottavio ya fito daga aiki fari fat da ƙura, ya busa, mutane suka ɗauka. Da waƙar nan muka zaga Italiya, 'yan sanda suka fasa mini ganguna a Torino saboda ita. Kuma ƙofar ba a rufe ta ba. Mun yi nasara, in ji mu. Ga nasarar can tana tari a gado.

Asabar, 16 ga Afrilu
Taro. Dokarmu tun farko: ba shugaba, ba rinjaye. Sai kowa ya ɗaga hannu, hannu ɗaya a ƙasa magana ta mutu.
Gualtiero ya ce a yi waƙar, mai jita ya buɗe a madadin ƙaho. Hannaye biyar suka tashi, har da na Ottavio, da robar iska a hancinsa. Nawa na zauna a kansa.
Na ce ba zan ƙara kaɗa wa gidan da ya kashe shi ba.
Ya ce, “Ban mutu ba tukuna, Nives, kar ki yi mini gaggawa.”
Aka yi dariyar dole.
Sai ya ce, “Ɗana a can yake cin abinci. In an rufe, ke za ki ciyar da jikokina? Da sandunan ganga?”
Na ce gara yunwa da kabari. Ya ce wanda ya ƙoshi ne ke faɗin haka.
Ban ɗaga ba. Waƙa ta faɗi.

Laraba, 27 ga Afrilu
Ottavio ba ya ɗaukar wayata. Na kai masa miyar wake, matarsa ta karɓa a bakin ƙofa. Abin ya yi mini ciwo, amma ni ce da gaskiya.

Lahadi, 1 ga Mayu
Ruwa yaf-yaf. Mun yi sauran waƙoƙin, ba armashi. Muka gama, taro ya ƙi watsewa. Wani dattijo ya ɗauko waƙar da baki, sai kowa ya kama, ba kiɗa. Gualtiero ya harɗe hannu, doka doka ce.
Ottavio na gaba a keken guragu, ɗansa riƙe da lema. Ba murya, leɓe kawai ke motsi. Suna ta sauri, suna ɓata ta, kamar kullum in ba ganga. Ya ɗago ya kalle ni.
Sanduna na kan cinyata, kowa ya gani.

Talata, 3 ga Mayu
An kwantar da shi a asibiti jiya. Na je, ya bari na shiga. Da ƙyar ya ce, “Ba ki ɓata bugu ko ɗaya ba, tsohuwar banza.”
Na ce ban san zancen da yake yi ba.
Har yanzu ina so a rufe gidan nan, a rushe shi, a zuba gishiri a wurin, kada komai ya sake tsirowa. Hannuna ban ɗaga ba, kuma ba zan ɗaga ba. Babbar ganga da ƙafa ake taka ta, ita kuwa ƙafa ba a taɓa sa ta a doka ba.