Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Inna,

Ina gaishe ki da Baba da su Auta, da fatan kuna lafiya. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.

Ranar da aka koro ki daga layin zaɓe don ba ki da kati, zancen dokar da ta ce sai da kati za a yi zaɓe ake yi a gidan da nake aiki. Maigidan ya ce tana hana maguɗi, wanda bai yi kati ba lalacinsa ne. Direbansa ya ce, "Ranka ya daɗe, lalacin nan talaka kaɗai yake kamawa?" Da matar gidan ta tambaye ni, na sunkuyar da kai na ce maigida ya yi gaskiya. Ki yafe mini, Inna. Na san kin je yin katin, na'urar rajista ce ta ƙi ɗaukar yatsanki don wankau ya cinye zanen.

Lafiyata ƙalau, sai dai wanke-wanke ya fara cin hannuna. Ki sa ni a addu'a.

Yanzu ina ɗaure babban yatsana da leda kafin in taɓa sabulu. Suna zaton ciwo ne. Haka zan yi har shekaruna su kai na yin katin zaɓe.

'Yarki.