Hannu Biyu a Ƙwaryar Dada

Arawa, Gombe
9 ga Mayu

Zuwa ga Hamma Joda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Adda Iklima da yara. Ya makaranta, ya ɗalibanka? Na ba direban motar Dukku wannan takarda don na san wayarku ba ta shiga.

Hamma, raina a ɓace yake. A darasin nazarin zane da fasaha, malaminmu ya ce kowa ya kawo wani aikin hannu daga gida, ya yi rubutu a kansa, sannan mu yi musayar takardu, kowa ya duba na ɗan'uwansa ya ba shi maki. Makin nan yana shiga sakamakon ƙarshen zango. Ni na kai ƙwaryar nan mai zane da Dada ta ba ni kafin ta rasu. Na cika shafi uku da manyan kalmomi na littafi.

Takardata ta faɗa hannun wata Edna, 'yar Talasse, wadda ko gaisuwa ba ta cika haɗa mu ba. A gaban aji ta ce rubutuna ya yi kyau, amma littafi na kalla, ban kalli ƙwaryar ba. Wai kakarta ma tana ƙona zane a ƙwarya, kuma a ganinta mutum biyu ne suka yi wannan, ɗayarsu bahaguwa, domin layukan gefe ɗaya sun kwanta ta wata fuska daban. Aka yi dariya. Na ji kamar ta ce ban san kakar da ta goya ni ba.

Nata rubutun, a kan wata tukunyar ƙasa, yana hannuna. Na ba ta biyu cikin goma, na miƙa wa malam makin. Dada dai da dama take komai, ai kai shaida ne. Ka rubuto ka tabbatar mini, in nuna mata.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Zulaihatu

Arawa, Gombe
21 ga Mayu

Hamma,

Ina gaisuwa, da fatan jikin Adda ya yi sauƙi. Takardarka ta iso ranar Laraba. Sai yau na iya riƙe biro.

Ashe Inna bahaguwa ce. Shekarata huɗu ta rasu, ba ni da hotonta, ba ni da ko ɗankwalinta, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan. Ka ce ita ta fara zanen a cikin ciwon da ya tafi da ita, tana cewa na Zulai ne, sai ajali ya riske ta an kai rabi, Dada ta ƙarasa bayan an yi arba'in. Ban ga laifinka ba, kai ma yaro ne a lokacin, kuma ka ɗauka na sani. Dada ma ban ga nata ba. Inna 'yar fari ce a wurinta, har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan Inna a bakinta ba. Da ta miƙo mini ƙwaryar, cewa kawai ta yi in riƙe da kyau, ta kau da kai. Ni kuwa na ɗauka tsufa ne.

Shekara shida ƙwaryar tana kan akwatina. Na sha ajiye ɗankunne a ciki. Baƙuwa ta riƙe ta minti goma ta ga mahaifiyata, ni ban gan ta ba.

Abin da ya fi damuna yanzu, an liƙa sakamako. Makin da na ba Edna ya jawo ta ƙasa, in ba a gyara ba za ta maimaita darasin baɗi. Kuma wallahi, Hamma, ban karanta rubutunta ba. Shafin farko kawai na leƙa. Jiya na karanta shi duka, ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Ka sa ni a addu'a.
Zulaihatu

Arawa, Gombe
30 ga Mayu

Hamma Joda,

Sallama da fatan alheri gare ku duka.

Na je wurin malam na faɗa masa gaskiya. Ya ce zai duba takardar Edna da kansa, amma ni zan rasa makin wannan aiki gaba ɗaya, domin amana aka ba ni. Ban roƙe shi ba. Wataƙila ni ce zan maimaita, kuma na san nauyin da hakan zai ɗora maka. Ka yafe mini.

Ranar Asabar na sa ƙwaryar a jaka, na hau keke har Tumfure, gidan yayarta, inda take zaune. Na same ta tana gugar kayan coci. Ba ta yi mini fara'a ba, kuma ba ta kore ni ba. Ta ce ba makin ne ya fi yi mata ciwo ba, a'a, ta zauna kwana biyu da takardata tana neman abin da zai amfane ni, ni kuwa ko layi ɗaya ban rubuta mata ba. Na ba ta haƙuri, sannan na ba ta labarin Inna.

Sai ta ajiye dutsen guga, ta ce in fito da ƙwaryar. Muka fita tsakar gida inda akwai haske. Ta kama yatsana ta bi da shi kan zanen, tun daga baki, tana nuna mini yadda layukan suke da zurfi da farko, sannan suka riƙa yin sama-sama, suna karkacewa, kamar hannun ya fara gajiya. Can ta tsaya. Akwai wani layi da ya yanke a tsakiya. Dada ba ta haɗe shi ba. Ta bar fili kamar faɗin ƙwayar gero, sannan ta soma nata daga gaba.

A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ina shekara huɗu. Edna ta zauna kusa da ni, ba ta ce in yi shiru ba.

Hamma, in an yi hutu zan zo. Ina so ka zaunar da ni ka faɗa mini duk abin da ka tuna game da Inna, ko da yadda take dariya ne. Kuma ka fara da sunanta, da bakinka, da ƙarfi.

Allah Ya jiƙan su, Ya bar mu tare.
Taka har kullum,
Zulaihatu