Alkawarin da Na Ɗauka wa Baban Fadila

Ƙofar Marusa, Katsina.

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Ya ciwon ƙafar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Bayan likita, ke kaɗai kika san ni da Baban Fadila muna ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Tun da gwamnatin farar hula ta fara ba da maganin kyauta muke sha, har ya yi kumatu. To yanzu mantuwa ce ta same shi. Ran Talata yana jan sallar Magariba a masallacin unguwa, ya kakare a tsakiyar Fatiha. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani! Na baya suka yi ta ɗora shi, shiru. Jiya kuma a Ƙofar Soro aka tsince shi yana tambayar hanyar gida.

Likita ya ɗebi jininsa. Ya ce wasu sinadarai ne a ƙwayoyin jinin da ke kare jiki suka hauhawa har abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, ana nan ana bincike a kansu. Ya gargaɗe ni kada ya tsallake magani ko na yini.

Ga Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo daga Batagarawa ta kafe sammu ne, wai masu kwaɗayin limanci. Ran Asabar za ta tafi da shi gida a yi masa rubutu da turare har ya warke. Can wa zai ba shi ƙwaya? Ni nake sa masa a baki. Kuma kin san tun farko ya sa na yi alkawari uwarsa ba za ta taɓa ji ba. Ni da ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba, da wane baki zan fara?

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Baraka.

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na faɗa wa Hajiya.

Mota na ƙofar gida, an riga an fitar da jakarsa. Na shiga ɗaki na durƙusa gabanta, na ɗago kai na dube ta, na kira sunan cutar. Na zaci za ta ce ni na kawo masa. Sai ta tambaya ko an gwada Fadila. Na ce lafiyarta ƙalau. Ta aika a sallami direba, ta ce in koya mata lokutan maganin. Har yanzu ba ta ci abincin da na dafa ba, amma tana nan tare da mu.

Da la'asar na same shi a tsakar gida, na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini, na karya alkawari. Ya dube ni da murmushin nan nasa, ya ce ya yafe duniya da lahira. Sannan ya tambaye ni wane alkawari.

Yaya, da ma faɗa ya yi mini. Ki zo, don Allah.

Taki har kullum,
Baraka.