Dawar Da Baba Ya Hana A Rage

Tsiga, farkon damina

Ƙanena Iliya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya Zariya, ya karatu? Mu nan kowa lafiya in ban da Baba, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Ka tuna hirarku da Baba a zaure bayan sadakar arba'in ɗin Yaya Mudi? Ina tsakar gida ina jin ku. Ka ce masa a karatunku an gano cewa duniyar nan a aune take daidai wa daida: da ƙarfin da ke riƙe abubuwa ya ƙaru ko ya ragu ko da silin gashi, da babu rana, babu ruwa, balle mutum. Ka ce wasu masana na ganin duniyoyin ne ba su da iyaka, kamar binnen iri da muke yi kafin ruwan fari, akasari su ruɓe, tamu ce ta dace ta tsiro. Sai ya tambaye ka ko akwai wadda a cikinta ya aiki Mudi ɗauko gorar ruwa, shi Baba ya tsaya a gindin ɗorawa a maimakonsa ranar da tsawa ta faɗo. Kai kuma da bakin nan naka da ba ya gajiya, ka ce mai yiwuwa ne.

To, dawa ta fito, kowane rami cunkus, lokacin ragewa har yana neman wucewa, Baba ya hana kowa taɓa ta. Wai ya taɓa zaɓe sau ɗaya, ba zai sake ba, don kowace dawa duniya ce a wurinsa, kuma bai san a cikin wacce Mudi yake ba. Liman ya yi masa nasiha kan ƙaddara, ya amsa da to, ya koma bakin gona ya zauna. Kullum da safe sai ya yi wa gonar sannu da aiki, ya saurara kamar mai jiran amsa. Jiya da na kai masa fura na ji kamar ƙarar fartanya a ƙasan gonar, kuma babu kowa. Tsoro nake ji, Iliya.

Ganyen ya fara ja. In ba a rage ba, bana babu abin da zai shiga rumbu. Kai ka ɗaura wannan, sai ka kwance.

Gwaggo tana gaishe ka.

Yayarka,
Sa'adatu

Tsiga, tsakiyar damina

Ƙanena Iliya,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Amsarka ta iso, na karanta wa Baba duka: cewa babu wanda ya taɓa ganin waɗancan duniyoyi, ko suna nan ma babu hanya tsakaninmu da su, kuma dawa dawa ce kawai. 

Washegari ya shiga gonar, muka bi shi. An rage, an zuba taki, ta farfaɗo, ko rabi muka samu mun gode Allah. Sai dai abin da aka cire bai bari an ba awaki ba. Shi da kansa ya riƙa kwasa yana jerawa a gindin ɗorawar nan.

Ya daina gaida gonar. Na zaci zan ji daɗi, amma shirun ya fi damuna, har ni na fara kasa kunne in na je.

Ɗazu yana wanke hannu ya kira ni. Ya ce ya yarda babu hanya, ba kuma zai ƙara hana aiki ba. Abu ɗaya kawai yake so ka tambayar masa malamanku: a can inda shi ne ya tsaya a gindin ɗorawa, wa ke taya Mudi aikin gonar? Wai yaron bai taɓa yin damina shi kaɗai ba.

 Don Allah kada ka aiko da takarda wannan karon, ka zo da kanka.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Sa'adatu