Kabad ɗin Hedimasta

Maman Amir,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau nake a Gombe, in ban da bayana da hawan keke ya gama da shi.

Littattafai da kayan zane da kamfaninmu ya kai wata firamare a Pantami, hedimasta ya kulle su a kabad, wai kada yara su lalata. Ni kuwa da kamfanin ya turo in koyar da yaran, an ce in ba su iya karatu kafin hutu ba, aikina ya ƙare.

Jiya na raba fensirori, na ce kowa ya zana abin da ya fi kallo a aji. Rabinsu suka zana kwaɗon kabad ɗin. Hedimasta ya yaba ƙwarai, ya tattara takardun, ya kulle su a ciki.

Ki aiko da man zafi. Inna ta sa ni a addu'a.

Naki,
Ja'afaru