Inna a Kan Tsani

Aberdeen, 9 ga Janairu

Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da mutanen Gyaɗi-Gyaɗi. Ni ma lafiya lau. Sanyi ne kawai, kuma kwana tara rabona da ganin rana, amma ana sabawa.

Jiya maƙwabciyarmu Maman Lami ta kira ni. Ta ce ta hango Inna a kan tsani da adda, tana saran mangwaron bayan gida, saboda inuwarsa ta hana yakuwarta da alayyahunta girma. Mai shekara sittin da takwas, ga ciwon gwiwa! Kai kuwa kana majalisa a ƙofar gida.

Sau uku ina gaya maka: rassa biyu ne kacal, na gabas, suke tare hantsi. Aikin rabin awa ne. Ka san halin Inna, ba za ta roƙe ka ba, ba kuma za ta sayi ganyen miya a kasuwa ba.

Ka sare su ranar Asabar, ka turo mini hoto. Idan ta sake hawa ta faɗo, ba mangwaron zan tuhuma ba.

Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Balaraba